Sunan da ke Ƙarƙashin Baƙin Akwati

Shafi na 17

Sannunku da haƙuri, masu karatu. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce girkinta ya ƙone saboda Auta. Don Allah ki riƙa sauke tukunya kafin ki buɗe waya.

Ga wanda yau ya fara shigowa: Auta ita ce mai kula da sito a kamfanin kwali. Injin yanka ya cinye wa wani ma'aikaci, Dogo, yatsu, bayan Manaja ya sa an cire murfin kariyar injin don aiki ya yi sauri. Auta ta rubuta shaidar abin da ta gani, ta sa hannu a waya. Ta aika wa lauyar Dogo kwafi biyu: ɗaya a buɗe don lauyar ta ajiye, ɗaya kuma ta rufe sunanta da baƙin akwati, shi za a tura wa kamfani.

*

Da aka tashi hutun rana, Auta ta tsallaka titi zuwa ɗakin karatu, inda Gwaggonta ke koya wa manya kwamfuta.

Aji ya watse. Saura wani tsoho mai gyaran agogo, yana ta ɗaga linzamin kwamfuta sama kamar mai neman tashar rediyo.

"Baba, a kan tebur ake jan sa," in ji Gwaggo a hankali. "Ba ya tashi sama."

"To shi ya sa, Malama! Tun ɗazu nake cewa abin nan ya mutu."

"Bai mutu ba. Gobe za mu sake, da sannu."

Sai da tsohon ya fita Auta ta ja kujera kusa da Gwaggo, ta yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, na yi."

"Kin yi me?"

"Shaidar. Na rubuta, na sa hannu, Lauya ta karɓa."

Gwaggo ta cire tabarau ta dube ta.

"Sunanki fa?"

"Na rufe. Baƙi ƙirin, ko da fitila ba a gani. Da manhajar nan ta kyauta da kika koya min. Kin ga ɗalibarki ko?"

Ta miƙa mata wayar tana murmushi. Gwaggo ta mayar da tabarau, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi murmushi ba.

"Turo min ita nan, 'yata."

"Lafiya?"

"Turo dai."

Takardar ta buɗe a kwamfutar Gwaggo, cikin manhajar gyaran takardu. Ga rubutun Auta layi-layi. Can ƙasa ga baƙin akwati zaune daram.

Gwaggo ta ɗora kibiya a kansa, ta danna sau ɗaya.

Wasu 'yan ɗigo-ɗigo suka fito a kusurwoyin akwatin.

Ta ja shi gefe.

Ya tafi sululu, kamar an janye labule.

Ga sunanta cikakke. Ga sa hannunta a ƙasa, da 'yar jelar nan da take ja a ƙarshe.

Auta ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi ta baya.

"Innalillahi! Gwaggo, me kika yi?"

"Ban yi komai ba. Ja kawai na yi."

"Amma na rufe! Wallahi na rufe!"

"Kin rufe. Ba ki goge ba. Zauna tukuna."

Gwaggo ta tayar da kujerar da kanta, ta zaunar da ita, ta riƙe mata hannu. Hannun ya yi sanyi kamar an ciro shi daga randa.

"Saurara, in nuna miki, don kada ki sake. Manhajar ba ta yi miki ƙarya ba. Wannan maɓallin da kika ɗauka na zane ne. Akwati yake ɗorawa a kan rubutu, kamar ki kifa faranti a kan tabo. Tabon yana nan, duk wanda ya ɗaga farantin zai gani. Ga wancan maɓallin, na gogewa. Shi ke cire rubutun daga cikin takardar gaba ɗaya. In kin goge, ki ajiye ta da sabon suna, ki sake buɗewa, ki gwada ja da kwafowa a wurin. In ba abin da ya fito, to ya tafi ke nan."

"Ni da nake koya wa 'yan ofis," in ji Auta. "Ni na koya musu haɗa shafuka, ni na koya musu sa hannu ba tare da sun buga takarda ba. Ashe ni ce ban iya ba."

"Kin iya da yawa. Abu ɗaya ne ya kuɓuce miki. Yaushe Lauya za ta tura wa kamfani?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Auta?"

"Ta riga ta tura. Da safen nan."

Gwaggo ta rufe ido na ɗan lokaci.

"Kira ta."

Ta kira. Ya yi ta ringi har ya katse. Ta sake kira. Sai ga gajeren saƙo: Ina kotu, zan neme ki.

Auta ta kifa wayar a kan cinya.

"Kin tuna Direba, Gwaggo? Wanda ya gaya wa masu binciken ma'aikata cewa ana sa su tuƙi ba barci?"

"Na tuna."

"Ba a yi masa faɗa ba. Ba a kore shi ba. Kawai wata rana aka buɗe bayan motarsa a bakin ƙofa, aka sami kayan injin kamfani a ciki. Yana ta rantsuwa, 'yan sanda suka tafi da shi. Har yau yana tsare. Shi direba ne ma. Ni fa? Makullin sito gaba ɗaya a hannuna yake. Ko kusa ɗaya suka ce ta ɓace, ni ce."

"To kada ki koma. Zauna nan har Lauya ta fito."

"In ban koma ba, na sa hannu karo na biyu ke nan. Za su gane ni ce."

Wayar ta yi ƙara a kan cinyarta. Dukkansu suka zabura.

Sakatariyar Manaja ce.

"Ke Auta, kina wace duniyar? Yallaɓai na neman ki."

"Ni? Lafiya dai?"

"In ban da abinki, ni likita ce da zan san lafiya? Ki zo yanzu. Kuma ya ce kada ki biya sito."

Ta kashe.

Gwaggo ta miƙe ta gyara wa Auta mayafi a kafaɗa, kamar yadda take yi mata tun tana 'yar firamare.

"Ji nan. Wataƙila bai san ana ɗagawa ba. Mutane da yawa ba su sani ba. Kada ki amsa abin da ba a tambaye ki ba. Kada ki yi gaggawa. Ni zan yi ta kiran Lauya har ta ɗauka, in ta ƙi zan je kotun da ƙafata."

"Gwaggo, kada ki gaya wa Mama."

"Tafi, Allah ya tsare."

*

A bakin famfon da ke gefen ɗakin injuna ta tarar da Yaya, babban wanta, makaniken kamfanin. Yana ta dirje baƙin mai daga hannunsa da sabulu.

"Autar Mama! Wa ya mutu? Fuskarki kamar an aiko ki karɓar gawa."

"Ba kowa."

"Ko saurayin nan mai kunnuwa ne ya fasa? Ai na gaya miki, iska ma za ta iya ɗauke shi."

Kullum in ya faɗi haka sai ta daka masa duka a kafaɗa. Yau ba ta ko ɗaga hannu ba.

Yaya ya rufe famfon.

"Ina za ki?"

"Ofishin Manaja."

"Ni ma can aka kira ni."

Suka dubi juna.

"Auta, akwai abin da ya kamata in sani?"

Ta buɗe baki. Sai ga Babban Mai Gadi ya leƙo daga saman matattakala, makullai na kaɗawa a ƙugunsa.

"Ku biyun! Yallaɓai ba ya son jira."

Suka hau. 

*

Ofishin ya yi sanyi ƙwarai, amma gumi ne ke bin bayan Auta.

Manaja na zaune yana juya cokali a kofin shayi. Da ya gan su ya yi murmushi har da haƙora.

"Ga 'yan gida ɗaya. Ku shigo, ku shigo. Makanike, tsaya nan. Auta, ke zo nan kusa."

Babban Mai Gadi ya shigo bayansu, ya mayar da ƙofa, ya jingina da ita.

Manaja ya juyo da fuskar kwamfutarsa.

Ita ce. Takardar. Ga baƙin akwatin a ƙasa, bai motsa ba tukuna.

"Kun ga abin da aka aiko mana da safe? Wani ɗan halak a cikin gidan nan, yana cin abincinmu, yana shan ruwanmu, ya zauna ya tsara mana wannan. Ya iya rubutu kuwa. Sai dai ba shi da zuciyar da zai bar sunansa."

Ya ajiye cokalin, ya ci gaba.

"Na kira lauyan kamfani. Yana hanya, amma ya ce min wani abu a waya. Ya ce irin wannan baƙin, wani lokaci fenti ne kawai. Wanda ya iya zai iya ɗagawa. Sakatariya ta yi ta dannawa kamar mai kashe sauro, ya ƙi. Sai na ce, ina 'yarmu mai kwamfuta? Wa ya kawo mana manhajar nan da ta hutar da mu daga buga takardu? Ai Auta ce."

Ya tashi daga kujerarsa, ya nuna mata.

"Zauna."

"A kujerarka, Yallaɓai?"

"Yau taki ce. Zauna."

Ta zauna. Kujerar na da ɗumin jikinsa. Ya tsaya a bayanta, har tana jin numfashinsa da ƙamshin shayin.

"Ranka ya daɗe, a nan ba za ta buɗu ba. Wannan na karantawa ne kawai."

"To buɗe ta a inda za ta buɗu."

"Ban sani ba ko akwai manhajar a wannan kwamfutar."

"Akwai. Ke kika sa min da hannunki. Ga ta can, mai alamar alƙalami."

Ta kai kibiya. Hannunta ya ƙi tsayawa, sai da ta danna sau biyu a wurin da ba shi ba.

"Sanyi ne?" in ji Manaja. "A rage miki?"

"A'a, Yallaɓai."

Manhajar ta buɗe. Takardar ta shiga.

Idonta ya sauka a kan maɓallin gogewa, wanda Gwaggo ta nuna mata ɗazu. Ga shi nan a sama, kusa da kibiya. Da za ta zagaye wurin ta danna, da sunan ya tafi.

Amma ta asali tana nan a imel ɗinsa. Lauyan kamfani na hanya. Kuma idon Manaja na kan yatsunta.

"Tana lodi ne, Yallaɓai. Takan ɗan ɗauki lokaci."

"Muna da lokaci. Bari in karanta muku wani layi kafin ta gama, don ya burge ni."

Ya sunkuyo ta kafaɗarta, ya sa yatsa a kan gilashin.

"Ji. 'Murfin kariyar yana cikin sito har yanzu, a bayan durom ɗin gam, an lulluɓe shi da tsohuwar tamfol.'"

Ya miƙe.

"Tsohuwar tamfol. Kun ji? Ba tamfol kawai ba. Tsohuwa."

Ya koma gefen tebur ya ɗauki kofinsa, ya kurɓa.

"Ni dai tun safe nake lissafi. Wa ya san inda murfin nan yake? Ni na sani, don ni na ce a kai shi. To ni ban rubuta wa kaina sammaci ba. Saura wanda ya kwance shi da sufana." Ya dubi Yaya. "Da wadda ta buɗe ƙofar sito." Ya dubi Auta.

Babban Mai Gadi ya yi 'yar dariya ta hanci.

Sai yanzu Auta ta gane. Ashe ba taimako aka kira ta ta yi ba.

Ta saci kallon Yaya.

Shi ba Manaja yake kallo ba. Rubutun yake karantawa daga inda yake tsaye, laɓɓansa na motsi a hankali. Ta ga lokacin da ya kai layin da ta fi daɗewa a kansa. Wurin da ta rubuta "aka kwance murfin". Ba ta rubuta wa ya kwance ba. Ta faɗi wanda ya ba da umarni, ta faɗi ranar, ta faɗi ihun Dogo, amma hannun da ya riƙe sufanar ta bar shi a duhu.

Yaya ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ya gane. Duk duniya mutum ɗaya ce za ta rufa masa asiri haka.

Ta girgiza masa kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Kada ka yi magana, Yaya. Don Allah.

"Ya gama lodin?" in ji Manaja.

"Saura kaɗan."

"Auta, ni ba yaro ba ne. Tun kina rarrafe nake aikin ofis."

Ya ajiye kofin, ya buga shi a kan tebur da ɗan ƙarfi.

"Bari in sauƙaƙa muku. Ni ba mugu ba ne. Wanda ya rubuta, in ya janye, ya ce an ruɗe shi ne, shi ke nan, mu manta. In kuma ya ƙi, to dama akwai kayan da muke nema tun watan jiya, ba mu gan su ba. Ko ba haka ba, Mai Gadi?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kaya masu yawa."

"Kuma 'yan sanda ba su da nisa."

"Kira ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Wayar Auta ta yi ta rawa a cikin jaka. Wataƙila Gwaggo ce. Wataƙila Lauya ce ta fito. Ta kai hannu.

"Bar ta," in ji Manaja. "Wanda ke kira zai sake kira. Danna baƙin nan."

Ta ɗora kibiya a kan akwatin.

"Danna."

Ta danna.

'Yan ɗigo-ɗigon suka fito a kusurwoyi.

"A'a!" Manaja ya matso, idonsa na ƙyalli. "Ka ga ya yi wani abu! Sakatariya ba ta samu wannan ba. To yanzu sai me? Ja ake yi?"

Auta ta ƙura wa akwatin ido. 

"Ja ake yi, Auta?"

"Yallaɓai."

Muryar Yaya ce. 

"Yallaɓai, ƙyale yarinyar nan. Ba sai ta ja komai ba."

"Da wa kake, Makanike?"

"Ni na rubuta."

"Yaya!" Auta ta juyo da ƙarfi.

"Yi min shiru, ke! Manya na magana." Bai ko dube ta ba. "Ni na kwance murfin, ni na kai shi sito, ni na ja tamfol na rufe. Ita ƙofa kawai ta buɗe min, ta koma kan aikinta. Tun ranar da na tsinci yatsun Dogo a ƙarƙashin injin nan ban ƙara cin abinci ya zauna min ba. Shi ya sa na rubuta. In 'yan sanda ne, kira su. Ga ni."

 

Manaja ya daɗe yana kallon sa, daga kai har takalmi.

"Kai, Makanike? Kai da ko saƙon waya sai ka sa a rubuta maka?"

"Na koya."

"Har da sa hannu a waya?"

"Har da shi."

"Har da ɗora baƙin akwati?"

"Ai ba wuya."

"Mai Gadi, ka ji ikon Allah. Muna da malami a ɗakin injuna ba mu sani ba."

Babban Mai Gadi ya bar jikin ƙofa, ya tako ya tsaya a bayan Yaya. Ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya bar shi a nan.

Hawaye suka zubo wa Auta a kan madannai. In ta yi shiru, da Yaya za a fita ta ƙofar nan. In ta ja akwatin, da ita za a fita, kuma Yaya ya yi ƙarya a banza.

Sai a lokacin Yaya ya dube ta. Ya ɗan ɗaga gira, irin yadda yake yi mata suna yara in ta fasa kofi ya ce wa Mama shi ne.

Manaja ya zagayo ya dawo bayan kujerar. Ya dafa ta da hannu biyu, ya sunkuyo daidai kunnenta. Muryarsa ta yi laushi, kamar mai lallashin jariri.

"Madalla. Na ji daɗi da aka samu mai gaskiya a gidan nan. Share hawayenki, 'yata, ai magana ta ƙare."

Ya nuna akwatin da haɓa.

"Ja shi gefe, mu ga sa hannun yayanki."